Digirin Malamin Fasaha: Inda Ɗalibai Suka Fi Yin Tuntuɓe da Yadda Za a Gyara

Malamin fasaha shi ne wanda zai tsaya gaban yaran ƙaramar sakandare ya buɗe musu ido kan aikin ƙarfe, katako da lantarki, ko ya koyar da wayarin, kafinta, walda, gini ko kanikanci a kwalejin fasaha ta gwamnati. Aikin ƙafa biyu gare shi: hannu ya iya, baki kuma ya iya bayani. Yawancin waɗanda ke fitowa da digirin suna ɗingishi, ƙafa ɗaya suka dogara da ita tun suna makaranta. Sauran matsalolin na takardu ne, kuma su ma suna cin shekarun mutum.

Tun daga bakin ƙofa

Yaro ya nemi injiniyanci, makinsa na JAMB bai kai ba, sai wani ya ce masa ya karɓi ilimin fasaha, ai duk ɗaya ne. Wannan shawara ta cuci mutane da yawa. Digirin B.Tech Ed ko B.Sc Ed na malanta ne, hukumar da za ta yi maka rajista TRCN ce, wato hukumar rajistar malamai, kuma COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, ba za ta ba ka rajistar injiniya da shi ba. Mai shiga da niyyar sauya sashe a aji biyu yakan tarar an cika, ko ana neman makin da bai samu ba, sai ya ƙarasa karatun da rabin zuciya. In injiniyanci ne a ranka, ka sake zama jarrabawa. In kuwa kana jin daɗin nuna wa ƙanenka yadda ake gyara soket har ya gane, wurinka ne.

Sai batun darussa. Abin da aka saba nema shi ne kiredit 5 a zama ɗaya ko biyu, ciki har da Turanci, Lissafi da Fiziks, kuma makarantu da yawa suna ƙara Kimistiri. Ɗan kwalejin fasaha mai sakamakon NABTEB, jarrabawar kammala makarantun fasaha da kasuwanci, yakan ɗauka cewa darasin sana'arsa ya maye gurbin komai, sai ranar tantancewa a ce masa babu Kimistiri. Kafin ka sayi fom, ka buɗe littafin jagora na JAMB ka karanta sharaɗin jami'ar da kake so ita kanta. Sharaɗin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna ba lallai ya zo ɗaya da na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, ko Modibbo Adama ta Yola, ko Bayero ta Kano ba. Kar ka bar wa mai shagon intanet zaɓen darussanka. Shi burinsa layi ya ragu.

Masu NCE ta fasaha, irin waɗanda suka fito daga Bichi, Potiskum, Gombe, ko Gusau wadda ta mata ce zalla, suna shiga ta hanyar DE, wato shiga jami'a kai tsaye ba tare da farawa daga aji ɗaya ba. Kuskurensu biyu ne. Na ɗaya, jinkirin neman a tura cikakken sakamako daga kwaleji zuwa jami'a, abin da kan ɗauki watanni. Na biyu, sauya fanni: mutum ya yi shekara 3 a aikin katako, ya zo ya cike lantarki saboda ya ji an ce ya fi kasuwa, sai a fara masa lissafin da'irar wuta daga tsakiya. Ka kuma tambaya a rubuce ko aji biyu za a sa ka ko aji uku, domin bambancin shekara guda ce cur da kuɗinta.

Gurbin da bai bi ta tsarin CAPS da JAMB ke ba da gurbi da shi ba, ko kwas ɗin da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ba ta amince da shi ba, ba ya nuna illarsa sai ranar da aka fito da sunayen masu tafiya bautar ƙasa babu naka. In digirin a kwaleji ake yinsa a ƙarƙashin wata jami'a, ka san sunan da zai hau kan takardar. Ka sani kuma karatun hutu da na wucin gadi ba sa kai mutum NYSC, wasiƙar cirewa ake bayarwa. Sunanka da ranar haihuwarka su zo iri ɗaya a NIN, JAMB da sakamakon sakandare. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da kai.

Wokshop: inda aka fi yin asara

A nan ne muka fi jin ciwo. Ɗalibai 10 a kan benci ɗaya, biyu suna aiki, takwas sun harɗe hannu suna kallo, a ƙarshe kowa ya sami maki ɗaya. Wasu ma kai aikin suke yi wurin kafinta ko mai walda a kasuwa a haɗa musu, su kawo a duba. Makin zai fito, amma ranar da aka miƙa maka zarton ƙarfe a gaban yara 50 ka ɗaura masa haƙora suna kallon baya, ba wanda zai rufa maka asiri. Haƙoran gaba suke kallo, domin a turawa yake yanka.

Akwai abubuwan da bai kamata ka karɓi digiri ba sai hannunka ya yi su sau da yawa, ko wane fanni ka zaɓa, domin a ƙaramar sakandare duka za a ɗora maka. Ka iya karanta ma'aunin baniya, wanda ake auna kauri da faɗin ƙananan abubuwa da shi, ba tare da ƙirga da yatsa ba. Ka san cewa mitar gwajin wuta ana ɗora ta a gefe biyu na abu in ƙarfin wuta ake aunawa, ana kuma yanke layi a sa ta a tsakiya in gudun wuta ake so. Wanda ya bar ta a kan gudu ya tsoma ta cikin soket, fis ɗinta zai ƙone nan take, in ma abin ya tsaya a nan. Ka san dalilin da ya sa ake jan waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 zuwa fitilu, mai 2.5 zuwa soket, da dalilin da ya sa makunni yake zama a kan waya mai wuta. A katako, ka yanka haɗin rami da harshe da hannunka, harshen ya zama kashi ɗaya cikin uku na kaurin katakon. In ya fi haka siranta zai karye, in ya fi kauri gefen ramin zai tsage. A gini, ka kwaɓa kankare na 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, da ma'auni ɗaya, ka ga da idonka yadda yawan ruwa ke kashe masa ƙarfi.

In injinan makaranta sun lalace ko babu wuta, kar ka zauna jiran gyara. Ma'aikatan wokshop, waɗanda ɗalibai ke wucewa ko gaisuwa babu, su ne suka san kowane inji da halinsa. Ka gaishe su, ka zo da wuri, ka taya su shara da jera kaya, za su nuna maka abin da ba ya cikin lakca. Ranar Asabar kuma ka nemi wani oga a gari ka zauna a shagonsa. Ɗan jami'a bai fi ƙarfin riƙe wa mai walda ƙarfe ba.

Kiyaye lafiya ma ana ɗaukarsa kamar abin haddar jarrabawa. Mabuɗin da aka manta a bakin injin gurzar ƙarfe yana fita kamar harsashi da zarar an kunna. Babbar riga, hannun riga mai faɗi ko mayafin da ke lilo ba sa zuwa kusa da abin da ke juyawa. 'Yan mata su sa ƙaramin hijabi su cusa shi cikin rigar aiki. Wanda ya kalli hasken walda da tabarau na ado zai kwana yana jin kamar an zuba masa yashi a ido. Abin da ka saba da shi yanzu shi za ka koya wa 'ya'yan mutane.

Zanen fasaha, wanda ake ce wa TD, yana kayar da mutane saboda suna karanta shi maimakon su zana. Ka mallaki allonka da kayan zanenka, aro ba ya kai mutum ko'ina. Fensir 2H na layukan shiri, HB na layin ƙarshe. Ka zana abu ɗaya a tsarin kusurwa ta farko da ta uku har ka daina rikita inda kowace fuska ke zama. Sai hannu ya faɗa sannan AutoCAD, manhajar zane ta kwamfuta, zai yi maka amfani.

Rena darussan koyarwa

Ɗayan ɓangaren kuma su ne masu cewa darussan ilimi surutu ne. Ba sa zuwa ajin sanin halayyar yara, ko na tsara manhaja, ko na auna fahimta, sai dab da jarrabawa. Lissafin maki bai san wannan ba: A maki 5 ce, F sifili, kuma ana ninkawa da nauyin kwas. F ɗaya a kwas mai nauyi 3 tana cinye abin da ka tara a wokshop, alhali 3.50 ake nema kafin a shiga babban mataki na biyu na darajar digiri, wato Second Class Upper. Ban da maki, waɗannan darussa su ne ke koya maka yadda ake raba aiki ɗaya gida-gida, da yadda ake ba aikin hannu maki bisa adalci: awo nawa, haɗi nawa, gogewa nawa, kiyaye ƙa'ida nawa.

SIWES, wato horon da ake tura ɗalibai wuraren aiki, wadda ke ƙarƙashin asusun horar da ma'aikata na ITF, takan kai wata 6 a jami'o'in fasaha. Kuskuren da aka fi yi shi ne neman ofis mai sanyi kusa da gida inda za a sa hannu a littafi ba tare da an zo ba. Ka nemi wurin da ake aikin fanninka da gaske, ko da gareji ne ko filin gini. Ka cike littafin kowace rana, da zane da awo, shugaban wurin ya sa hannu duk mako. Littafin da aka cike a dare ɗaya da biro ɗaya ba ya ɓuya ga mai dubawa.

A koyarwar gwaji, wato TP, wasu sukan yarda a ba su Lissafi ko wani darasi saboda makarantar ba ta da malami. Ka roƙi a ba ka darasinka, domin a kansa za a auna ka. Sannan kar ka cika allo da rubutu. Darasi minti 40 ne: ka ɗauki kamar 10 ka nuna aikin da hannunka, a hankali, kana faɗin sunan kowane abu da Turanci kana fayyace shi da Hausa, sauran lokacin yara su taɓa. In kayan aiki ɗaya ne, ka kasa su rukuni-rukuni. Batir, ƙwan tocila, guntun waya da makunni sun isa koyar da da'irar wuta. Kwalin taliya ya isa nuna fuskokin zane. Ka gwada komai a gida tun daren da ya gabaci darasin, domin abin da ya ƙi kamawa a gaban aji yana tafiya da hankalin yara.

Aikin binciken ƙarshe kuma, kar ka saya. Ka zaɓi matsalar da ka gani a TP ko SIWES, wadda za ka iya kare ta ko an tashe ka daga barci.

Bayan an gama

Digiri kaɗai bai sa ka zama malami a idon doka ba. TRCN, wadda aka kafa da doka mai lamba 31 ta 1993, ita ke ba da shaida da lasisi bayan an ci jarrabawarta, kuma mai digirin farko a rukunin C na rajistarta yake. Da yawa ba sa nema sai an buɗe ɗaukar malamai an ce a kawo, lokacin kuma ya ƙure. Mai HND ko digirin injiniyanci da ke son koyarwa sai ya ƙara da difilomar koyarwa ta PGDE kafin ya cancanci rajista. Ka ajiye hotunan ayyukan da ka yi da hannunka, da zanenka, da tsarin darussan da ka rubuta a TP a fayil ɗaya, ka tafi da shi duk inda aka kira ka ganawar neman aiki.