Yadda za ka sa ɗanka ya riƙa faɗa maka abin da ke damunsa

Ni ɗan fari ne a gidanmu, kuma har mahaifinmu ya koma ga Allah ban taɓa jin ya kira sunana ba, daga "kai" sai "ina yaron nan yake". Inna ma haka, ko ruwa take so in miƙo mata sai dai ta faɗa wa ƙanwata ta faɗa min alhali ga ni a zaune. Kunyar ɗan fari ce kawai, so kam suna sona na sani. Amma shekarar da na ci 160 da ɗoriya cikin 400 a JAMB, jarrabawar shiga jami'a, Goggo na fara gaya wa, Goggo ta gaya wa Inna, Inna ta bari sai da Baba ya ci tuwon dare ya wanke hannu tukun, wallahi kwana 4 labarin ya yi a hanya, tsakanin ɗakina da turakarsa kuwa bai fi taku goma ba.

Toh a wancan lokacin abin yana tafiya daidai, don gida cike yake, ga kaka ga goggo ga baffa ga matan baffa, in ba ka iya tunkarar uba akwai mai kai maka saƙo. Kaka ma da jika ai wasa ke tsakaninsu, ta kira ka maigida ta kira ƙanwarka kishiya, a cikin tsokanar nan take zaro maka duk abin da ka ɓoye ba ka ankara ba. Yanzu fa? Ɗaki biyu da falo a gidan haya, daga kai sai matarka sai yara, kakar tana can ƙauye ko wata unguwa sai sallah sallah. Mun kwaso kunyar mun taho da ita, masu kai saƙon mun baro su a can. Shi ya sa yaro in abu ya dame shi sai ya kai wa aboki ko wani da ya haɗu da shi a waya, sai bango ya tsage ai ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abu na farko, daina zaunar da yaro kana cewa "zo mu yi magana". Da ka faɗi haka ya riga ya durƙusa ya sunkuyar da kai yana lissafin wane laifi aka gano, ba abin da za ka samu sai "ba komai Baba". Nemo aikin da za ku yi tare wanda ba sai kun haɗa ido ba. Ni a kan mashin na gano wannan, in za ni kasuwa ko wajen bakanike sai in ɗauki babban nawa a baya, bakinsa na daidai kunnena, ba ya ganin fuskata, a nan ya fara ba ni labarin wani ɗan ajinsu da ke ƙwace masa kuɗin tara kusan zango guda ba wanda ya sani a gida. Ke uwa kin fi mu samun dama, lokacin kitso, tsintar shinkafa, gyaran kayan miya, wanki, duk lokacin hira ne in dai kin ajiye waya. Kuma tambayar ta zama mai sauƙi, wa kuke zama benci ɗaya da shi, wane malami ne ya fi dariya, kar ka fara da "na nawa ka zo".

Na biyu shi ne mai wahalar, kuma a nan yawancinmu ke faɗuwa. Ranar da yaro ya kawo maka gaskiya da bakinsa, ko da mai zafi ce, kar ka dake shi a ranar. Ya fasa sikirin ɗin wayarka ya zo ya faɗa, ka zare belt, toh ka koya masa darasi amma ba wanda kake nufi ba, ka koya masa gobe ya ɓoye ko ya ɗora wa ƙaninsa. Ba cewa na yi a bar hukunci ba, a'a, amma ya ga bambanci ƙarara tsakanin laifin da ya faɗa da kansa da wanda aka kama shi. In ranka ya ɓaci sosai tashi ka yi alwala, ka ce masa za mu yi maganar bayan isha'i, kafin nan ka huce. Sannan abin da ya faɗa maka a ɓoye ya tsaya a nan, kar a wayi gari ya ji ana ba da labarinsa a tsakar gida ana dariya, balle a gidan da ke da kishiyoyi da 'yan uba, yarinyar da aka tona wa asiri sau ɗaya ta rufe baki kenan sai dai wani ikon Allah.

Iyaye mata don Allah a rage "bari babanku ya dawo". Mutum ya wuni a rana yana nema, yana sallama a tare shi da jerin ƙara, ya shiga dukan laifin da bai gani ba, a hankali ya zama dodo, yara na jin ƙarar mashin ɗinsa kowa ya kama gabansa falo ya yi tsit. Wasu mazan ma har alfahari suke da hakan wai kwarjini ne.

Masu cewa sakewa da yaro na kawo raini su duba Suratu Yusuf, yaro ya yi mafarki wa ya fara kai wa? Mahaifinsa Annabi Yaƙub. Annabi Ibrahim da aka umarce shi da yanka ɗansa sai da ya faɗa masa ya nemi jin ra'ayinsa. Aƙra'u bin Habis ya ga Manzon Allah (SAW) ya sumbaci Hasan, ya ce shi 'ya'yansa 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba.

Akwai maganganun da kunya ba ta da hurumi a cikinsu. Yarinya ta kai shekara 9 ko 10, zaunar da ita ki yi mata bayanin jinin al'ada da wankan tsarki tun bai zo ba, kar ta gani a makarantar kwana ta ɗauka ciwo ne ta yi ta kuka a banɗaki. Namiji kuma aikin uba ne ya faɗa masa zancen balaga da wankan janaba. Tun suna ƙanana kuma su san ba wanda ke da ikon taɓa musu al'aura, ko malami ne ko ɗan uwa, kuma in sun faɗa za a yarda da su ba za a ce sun yi wa babba ƙarya ba. In gaskiya bakinka ba zai iya ba, toh dawo da tsarin da, zaɓi goggo ko kawu ɗaya mai hankali da riƙon sirri ka riƙa tura yaron hutu wurinsa, ka kuma sanar da shi abin da kake so ya lura da shi.

Baki kuma a kiyaye, "ɗan banza" da "ba za ka yi albarka ba" suna zama a zuciya fiye da bulala. Sa albarka kyauta ce, ko buta ya miƙo maka ce masa Allah ya yi maka albarka. In kai ne ka yi kuskure, misali ka dake shi daga baya aka gano ba shi ya ɗauki kuɗin ba, kira shi ka ce ka yi haƙuri. Ranar da na fara yi sai da harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura dutse, shi kuma ya tsaya yana kallona ya rasa me zai ce, can sai ya ce "Baba dama akwai wata magana", ashe takardar kiran iyaye ce daga makaranta ta yi sati biyu a ninke cikin jakarsa.