Yadda ake gina jarumin kaboyi mai farautar masu laifi wanda ya ƙi cinikin bayi

Duk marubucin fim a Kaduna da ya tashi da kallon finafinan kaboyi ya san irin wannan jarumi: mutum a kan doki, takardar kamu a aljihu, yana bin sawun masu laifi don tukwicin da hukuma ta sa a kansu, ga shi kuma ya tsani bauta. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne a mai da shi waliyyi tun fitowarsa ta farko. Sana'arsa da ta masu kamo bayin da suka gudu uwa ɗaya uba ɗaya suke, duka bin ɗan Adam ne don kuɗi, duka kuma doka ta yarda da su a lokacin. A kan wannan kusancin za ka ɗora labarinka.

Fara da tsayar da shekara. An haramta bauta a Amurka a 1865, bayan yaƙin basasar da aka soma a 1861, saboda haka labarin ya faɗo tsakanin 1850 da 1860. Dalilin zaɓen 1850 shi ne dokar kamo bayi da aka kafa a shekarar. A ƙarƙashinta, jami'in da ke sauraron ƙara yana karɓar dala 10 idan ya miƙa mutum ga mai iƙirarin mallakarsa, dala 5 idan ya sake shi. Wanda aka kama ba shi da ikon ba da shaida a kan kansa. Wanda ya ɓoye bawa ko ya taimake shi kuwa, tarar da za ta iya kai dala 1,000 da ɗaurin wata shida ke jiransa. Ka rubuta waɗannan alƙaluma a bangon ɗakin rubutunka, don su ne za su hana jaruntarsa zama ta fatar baki.

Wuri kuma, Texas ta fi dacewa. Meziko, maƙwabciyarta ta kudu, ta soke bauta tun 1829, don haka bayi da yawa kudu suka riƙa gudu, su tsallake kogin Rio Grande. Ka samu kan iyaka, ka samu inda za a nufa.

Sai ginin jarumin. Fitowa uku ta isa ta kafa shi a cikin shafi ashirin na farko, a lissafin shafi ɗaya minti ɗaya. A ta farko a gan shi a bakin aiki, ya kawo mai laifi gaban hukuma, ya tsaya ya ƙirga kuɗinsa tsaf, har ya yi gardama kan abin da aka rage masa. Kada ya yi wa'azi. A ta biyu a miƙo masa wata takarda mai kama da waɗanda ya saba karɓa, sai dai wannan cigiyar bawa ce, da suna, da tsawo, da bayanin tabon bulala a baya, kuma tukwicinta ya fi na ɓarawon da ya kawo. Ka riƙe kyamara a kan hannunsa, takardun biyu gefe da gefe. Ya karanta, ya naɗe, ya mayar. Kalma biyu zuwa uku ta wadatar. A ta uku ƙin nasa ya ci masa wani abu da mai kallo zai gani da ido: a hana shi aiki a garin, ko ya sayar da dokinsa don ya ci abinci. In bai yi asara ba, mai kallo ba zai yarda da shi ba.

Kuskure na biyu ya fi na mai da jarumi waliyyi muni, wato a bar wanda aka bautar a matsayin kaya, yana kuka yana jiran mai ceto. Ka ba shi suna, da sana'a, da shirin gudu da ya riga ya ƙulla kafin jarumi ya iso. Shi ya san hanya, shi ya san wanda za a amince wa. Mai neman jarumi baƙar fata na gaskiya ya duba tarihin Bass Reeves, wanda aka haifa cikin bauta a 1838, ya zama mataimakin mashal, wato jami'in tsaro na gwamnatin tarayya, a 1875 ƙarƙashin alƙali Isaac Parker na Fort Smith. Amma ka lura, ma'aikacin hukuma ne, kuma zamaninsa bayan bauta ne. A hira kuma kada ka jawo murgu (kuɗin da bawa ke biyan ubangidansa don ya yi aikin kansa) ko wasu al'adun bauta na ƙasar Hausa ka liƙa wa Texas, kowane wuri da tsarinsa.

Bindiga na tona asirin marubucin da bai yi bincike ba. Ta zamanin ita ce irin Colt Navy ta 1851, mai harbi shida, wadda ake ɗura wa albarushi da dalma ɗaya bayan ɗaya, kusan yadda maharba ke ɗura bindigar toka. Cika ta na cin lokaci, shi ya sa wasu ke rataya biyu. Ka ƙirga harbi a kowane faɗa. Winchester ta 1873 ba ta zo ba tukuna, nakiyar dainamait ma sai 1867.

Wajen ɗauka, Kogin Kaduna a rani, lokacin da ruwa ya ja duwatsu suka fito, zai iya tsayawa a matsayin kan iyaka. Dutsen Kufena na Zariya ya dace da fitowar kwanton ɓauna. Hazon hunturu yana dusashe nesa, don haka hoton fili mai faɗi ya jira ranar da gari ya washe, a ɗauka da sassafe ko bayan la'asar. Kafin a kunna kyamara a zaga fili a tsince ledar fiyawata, a duba wayar lantarki, rufin kwano da turken sadarwa.

Dawakin da za ka samu na hawan sallah ne. A cire musu kayan ado duka, a nemi sirdi marar kwalliya, a kuma ba ɗan wasa aƙalla mako biyu yana hawa tare da mai dokin. Bindigogin wasa a sanar da 'yan sanda a rubuce kafin a fita da su. Kada a tayar da ƙara kusa da doki, zai zabura ya kayar da mahayi; a ɗauki harbin shiru, a sa ƙarar da hayaƙin wajen tacewa.