Yadda ake kafa zaman shawara da abokan aiki

Ba ka sanin ƙarfin dabararka sai ta haɗu da mai musu. Imam Abu Hanifa a Kufa yakan jefa mas'ala gaban almajiransa irin su Abu Yusuf da Zufar, a yi ta ja-in-ja, sai magana ta nuna sannan a rubuta matsaya. In malami irin wannan ya bukaci abokan muhawara, ina ga ni da kai?

Fara da zaɓen mutane. Uku zuwa biyar sun isa, kuma kada ka tara 'yan amshin shata. A ce kai malamin lissafi ne, kana son buɗe darasin ranar Asabar saboda ɗalibai masu zana WAEC. Gayyato malamar da ta san gidajen yaran. Ita ce za ta ce maka, "Malam, ai da safiyar Asabar yawancinsu suna Islamiyya." Da wannan magana ɗaya ta raba ka da zaman jiran ɗalibai a aji wayam.

Sai ka aika musu da tambaya ɗaya tak tun ana gobe zama, kowa ya rubuto nasa shi kaɗai. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma a ganina ya fi sauran muhimmanci. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Yale ta Amurka a 1958 ya nuna cewa mutanen da suka yi tunani a rarrabe sun fi kawo dabaru da yawa a kan waɗanda aka tara wuri guda. A taro mutum ɗaya ke magana, saura suna jira, kafin layi ya zo kanka abin da ke ranka ya tsere.

In an zauna, ƙarami ya fara. Mun san halinmu na kunya: da zarar shugaba ya buɗe baki, sai "haka ne, ranka ya daɗe" ta zagaye ɗakin.

Yanzu a shiga musu, da gaske. A tambayi kowace dabara: da wane kuɗi? Wa zai buɗe ajin? In an yi ruwa fa? A taɓa maganar, a bar mai maganar. Wilbur da Orville Wright, 'yan'uwan da suka tashi jirgin sama a 1903, sukan yi gardama mai zafi har kowanne ya wayi gari yana kare ra'ayin ɗan'uwansa. Ku yi haka da gangan: mai shawara ya faɗi rauninta da bakinsa, mai suka ya nemo mata hujja.

Kafin a watse, mutum ɗaya ya rubuta abin da aka tsayar, wanda zai yi, da ranar da za a sake haɗuwa. A sa sunan wanda ya kawo dabarar, ko da sabon ɗauka ne, domin wanda aka cinye wa haƙƙi yau ba zai sake buɗe baki a zama na gaba ba.