Yadda na gano kakan kakan maƙwabcina a rajistar yaƙin basasar Amurka

Alhamdulillah an dace. Maƙwabcina a nan Ohio ne ya roƙe ni in taya shi neman kakan kakansa a rajistar tilasta shiga soja ta 1863, mun buga sunan a Ancestry, shafin intanet na binciken zuriya, shiru, mun sauya rubutun sunan, mun leƙa takardun fansho, nan ma babu. Ashe rajistar nan bisa mazaɓar ɗan majalisar wakilai aka jera ta. Sai na nemo taswirar mazaɓun Ohio na 1863 na gane tasu, na buɗe hotunan littafin da kaina, na tsallake Aji na 1 na shiga Aji na 2, wato magidanta masu shekara 35 zuwa 45, tunda bawan Allah yana da iyali kuma shekarunsa sun kai haka lokacin. Na bi harafin farkon sunan danginsa shafi shafi sai ga shi, manomi, har inda aka haife shi an rubuta.