Darasi na Bakwai: Kalmomi Tara Masu Yi wa Aiki Jagora a Turanci

Akwai wani dattijo a ajinmu na bayan la'asar, mai kiwon raguna, da ya kai rago kasuwar Maigatari wata ranar Alhamis. Wani ɗan Kudu ya zo ya shafa ragon, ya duba haƙora, ya ce "I may buy it", ya wuce. Baba ya san *buy* saye ne. Sai ya ja ragon gefe ya ɗaure, ya kori masu tayi biyu, yana jira har rana ta yi sanyi. Mutumin ko ƙeyarsa bai sake gani ba.

Da ya kawo ƙara aji ya ce, "Malam, ai da bakinsa ya ce zai saya."

Na ce, "Baba, bai ce zai saya ba. Cewa ya yi wataƙila ya saya. Kun ji babbar kalmar, ƙaramar ce ta wuce ku."

Irin waɗannan ƙananan kalmomi guda 9 ne: *can, could, may, might, will, would, shall, should, must*. A littattafan nahawun Turanci ana kiransu *modal verbs*. Mu a nan za mu kira su 'yan jagora, domin gaban kalmar aiki suke shiga, su nuna ko aikin dole ne, ko shawara, ko alƙawari, ko kuma shaci-faɗi. Mu ma muna da irinsu a Hausa: iya, za, dole, ya kamata, wataƙila.

Kafin komai a gyara baki. Wanda ya koyi karatun Hausa idan ya ga *can* zai karanta ta kamar can ɗinmu na nesa, "can gaba". A Turanci "kan" ake cewa. *Could, would, should* kuwa kowace tana da harafin l amma ba a furta shi: kud, wud, shud. *Might* ana cewa "mait". Ku maimaita su da ƙarfi sau uku-uku, kada a ji kunya, duk mu ya mu ne.

Abin daɗin waɗannan kalmomi shi ne ba su da wahalar sha'ani. A darasin baya mun sha fama da s ɗin nan ta *he goes, she sells*. Da zarar ɗan jagora ya shigo, s ta fita. *She can sell*, za ta iya sayarwa. *He must go*, dole ya tafi. Ba a cewa *he cans*, ba a kuma saka *to* a tsakani, saboda haka *I must to go* kuskure ne, ko da kun ji wani mai takalmi sau-ciki ya faɗa. In za a kore magana, sai a sa *not* a bayan ɗan jagora: *I cannot come*, ba zan iya zuwa ba. A baki ana gajarta su, *cannot* ta koma *can't*, *will not* ta koma *won't*. In tambaya ce, mu a Hausa murya kawai muke ɗagawa, "Za ka zo?" Bature kuwa ɗan jagoran yake turawa gaba: *You will come* ta zama *Will you come?*

Akwai wani rami da kusan kowane Bahaushe yake faɗawa. Muna cewa "zan iya zuwa", ga za ga iya a jere. Sai mutum ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya ya ce *I will can come*. A daidaitaccen Turanci 'yan jagora biyu ba sa jeruwa. Abin da ake cewa shi ne *I will be able to come*. Ku haddace ta haka nan dunƙule.

*Can* ita ce jakar gida, kowane kaya a kanta ake ɗorawa. Tana nuna iyawa: *I can read my name*, ina iya karanta sunana. Tana neman izini: *Can I sit here?* Tana roƙo: *Can you help me?* Sai dai yadda ba za ka shiga zauren mai gari ka ce "ba ni" ba, haka a Turanci akwai ta ladabi. Idan kin je asibiti ko banki kina so a cika miki takarda, *Could you help me, please?* ta fi taushi, kamar ki ce "don Allah ko za a taimaka mini". *Would* ma haka. *I want to see the doctor* ba laifi ba ce, amma *I would like to see the doctor* ta fi kama da maganar babba. A bakin ƙofar ofis kuma, *May I come in?* ita ce sallamarsu.

Yanzu mu koma kan wadda ta ci Baba. *May* da *might* idan ba izini ake nema ba, wataƙila suke nufi. *It may rain today*, wataƙila a yi ruwa yau. *It will rain*, za a yi ruwa, mai maganar ya sakankance. Bambancin *may* da *might* kaɗan ne, kada ya hana ku barci. Inda na fi so ku lura shi ne jikin kwalin magani. Za ku riƙa ganin *may cause drowsiness*, wato yana iya sa mutum gyangyaɗi. Ba kowa zai sa ba, amma ɗan acaɓa ko mai aiki da injin niƙa ya kamata ya san da haka kafin ya haɗiya.

*Should* shawara ce, "ya kamata". *You should rest*, ya kamata ka huta. *Must* kuwa ba shawara a ciki, dole ce. *You must bring your card*, dole ka zo da katinka, in ka baro shi a gida ka yi asarar kuɗin mota. A nan ne nake so a natsu sosai. Idan *must* dole ce, mutum zai zaci *must not* na nufin "ba dole ba ne". Ko kusa. *Must not* hani ne, "kada". *You must not eat while spraying* na nufin kada ka kuskura ka ci abinci kana feshin maganin ƙwari, ko da goro ne. "Ba dole ba ne" kuwa *don't have to* ce. *You don't have to come tomorrow*, ba sai ka zo gobe ba, in ka zo ma babu laifi. *You must not come tomorrow*, kada a ga ƙafarka. A ganina wanda ya riƙe wannan kaɗai a darasin yau bai yi zaman banza ba.

*Shall* ba ta cika fitowa a hirar yau da kullum ba, sai a tambaya irin *Shall we go?*, mu tafi? Amma tana da yawa a takardun yarjejeniya, na jinginar gona ko na haya, kuma a can nauyin dole take ɗauka. In kun gan ta kusa da sunanku, a karanta muku sosai kafin ku dangwala.

Aikin gida: kowa ya juya waɗannan zuwa Turanci a littafinsa. Zan iya ƙirga kuɗina. Wataƙila in je Gumel gobe. Dole yara su wanke hannu. Ba sai ka biya yau ba. Kada ka taɓa wannan kwalbar.

Sannan ranar Asabar kowa ya zo da kwalin magani ɗaya, ko buhun taki, ko saƙon waya na Turanci. Za mu zauna bibbiyu mu nemo 'yan jagoran da ke ciki, a ja musu layi da fensir. Wanda bai samu ba ya aro wurin maƙwabci.