Laifin Wa Ne? Kurakuran Kai Rahoton Matsala a QEMU

Kafin ka rubuta saƙon kuskure a manhajar kwaikwayon na'ura, fara gano mai laifin: baƙon tsarin da ke gudana a ciki ne, ko mai amfani da ya ba da umarni, ko kuwa kai mai rubuta kod ɗin? A QEMU, wadda Fabrice Bellard ya fara fitarwa a 2003, kowannensu da ƙofarsa.

Mafi muni shi ne ɗora assert ko abort, wato umarnin da ke tsayar da manhaja nan take, a kan abin da baƙo ya turo. Direban baƙo ya rubuta shirme a rajistar na'ura, sai injin kwaikwayon gaba ɗaya ya faɗi. Ka ba baƙo wuƙa da nama ke nan. Katin sadarwa na gaske ba ya kashe kwamfuta don an aika masa da shirme, to naka ma kada ya yi. Ka rubuta abin da ya faru da qemu_log_mask da alamar LOG_GUEST_ERROR, ka ci gaba. In kuwa baƙon bai yi laifi ba, kai ne ba ka gama kwaikwayon wannan sashe ba, LOG_UNIMP ce tasa. Shi assert ka bar shi ga abin da ba zai faru ba sai kod ɗinka na da aibu.

Haka kiran exit, mai rufe manhaja, a cikin realize, wato aikin da ke tayar da na'urar kwaikwayo. A gwajin farko ba ka ganin illarsa, ai injin bai ma tashi ba. Amma ana jona na'ura da umarnin device_add injin na tsakiyar aiki, sai kuskuren harafi ɗaya daga mai amfani ya kashe komai. Ka cika errp, wato ma'ajin da ake miƙa kuskure ga mai kira, da error_setg ka koma, wanda ya kira ka shi zai yanke hukunci. Kada kuma ka haɗa da error_report, mai buga saƙo kai tsaye, saƙon zai fito sau biyu.

Akwai wani tarko da ko gwanaye na faɗawa: leƙa *errp don sanin ko an gaza. Mai kira na iya miƙo NULL, wato ba komai, a matsayin errp, nan take manhaja ta fashe. Ko dai aikin ya riƙa mayar da true ko false, ko ka sa ERRP_GUARD a farkonsa.

Saƙon kansa jimla ɗaya ce, babu aya, babu sabon layi. In buɗe fayil ne ya gagara, ka ambaci sunan fayil ɗin, ka yi amfani da error_setg_errno dalilin ya fito. Shawarar gyara kuma wurinta error_append_hint.