Yoga a kan tabarma: minti 10 don samun natsuwa

'Yar'uwa, bayan sallar asuba, kafin yara su tashi neman koko, shimfiɗa tabarma don yin yoga, wato motsa jiki a hankali tare da daidaita numfashi. A Tudun Wada nake, lokacin ne kawai unguwarmu take shiru.

Zauna ki tanƙwashe ƙafa. Shaƙi iska ta hanci kina ƙirga 4, ki fitar a hankali kina ƙirga 6. Jan fitar numfashin ne ke kwantar da bugun zuciya. Sai ki durƙusa, ki zauna kan dugaduganki, ki miƙa hannuwa gaba, ki sauke kai. Nan kafaɗu suke sakewa, kada ki yi gaggawa.

Mai juna biyu ta fara tambayar likita. In baƙin ciki ya wuce mako 2 yana hana ki barci, don Allah ki je asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa da ke Kaduna.